Malaminku Ya San Abin Yi

A makarantar babu mai kiran ta da sunanta na yanka. 'Yan aji biyar ne suka fara ce mata Malama Riƙe-Waya a bayan idonta, daga baya sunan ya bi ta har ofishin malamai, har ta kai ko Hedimasta in ya shagala, da shi yake kiran ta. Ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Mace ce doguwa, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa, wadda in ta shiga ɗaki kujerar jikin bango take nema. Ita ke koyar da kimiyya da kiwon lafiya.

Talabijin ne ya jawo mata sunan. Wata ƙungiya mai yaƙi da shaye-shaye ce ta kawo shi a farkon zango, aka kafe shi a bangon aji biyar, don shi ne ajin da tagoginsa ke da ƙarfe. Sai dai soket ɗin ajin ya daɗe da kwancewa, in aka soka fulogi aka saki, hoton sai ya ɗauke. An ce za a kira mai gyaran wuta, ba a kira ba. Shi ya sa duk safiyar Litinin, in aka tara yara kallon faifan da ƙungiyar ta bari, ita ke tsayawa a gefen talabijin ta danne fulogin da tafin hannunta har a gama.

Faifan na Mai Tabarau ne, mawaƙin nan kuma ɗan fim da hotonsa ke manne a bayan motocin haya da ƙofofin shagunan aski, wanda ba a ganin sa sai da baƙin gilashi a fuska. Da waƙa yake farawa, yara na bi suna buga benci. Sai a nuno wani direba yana ɓare jan kwali yana watsa ƙwayoyi a baki, a nuno titi na rawa a gabansa, a ji ƙarar karo. Daga nan sai Mai Tabarau ya dawo, ya cire gilashin a hankali. Komai yawan kallon da suka yi masa, a wurin nan sai yaran sun yi ihu. Ya matso kamar zai fito daga cikin akwatin, ya miƙa yatsa gefe guda, ya ce, "Ƙannena, in kun ga irin wannan kada ku ɓoye. Ku faɗa wa malaminku. Malaminku ya san abin yi."

Yatsan kuwa daidai inda take tsaye yake sauka. Yara su juyo su kalle ta su kwashe da dariya, ita ma ta murmusa, sannan ta maimaita jimlar da aka koya musu a taron bita na yini guda: "Duk abin da kuka faɗa mini, zan kai shi inda ya dace." A wurin bitar an raba musu riguna da huluna. Ba wanda ya ce ga inda ya dace ɗin, ita ma ba ta tambaya ba.

A gidan yayanta take zaune. Tana firamare mahaifinsu ya rasu, Yaya ya ajiye karatunsa ya bi wata babbar mota a matsayin yaron mota, har ya iya tuƙi. Da guminsa ta yi sakandare, da guminsa ta yi kwalejin malamai. Ranar da aurenta ya mutu shi ya zo da motar aro ya kwashe mata kaya, bai tambaye ta ko kalma ɗaya ba, ya fitar da tsofaffin tayoyinsa daga ɗakin ƙofa ya ce ta shiga. Aikin koyarwar ma shi ya nemo mata, domin shi ne direban motar makarantar tun kafin ta zo.

Kawu Direba, haka yara ke ce masa, kuma suna son sa. Kowace ƙofa da irin hon ɗin da yake yi mata. In yaro ya makara sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo maka gadon cikin mota ne?" Amma albashin makaranta ba ya riƙe gida irin nasa, ga 'ya'ya, ga surukarsa, ga ƙanwa. Don haka in an tashi daga makaranta sai ya karɓi akori-kurar wani abokinsa ya yi ta jigilar kaya a kasuwa har a rufe shaguna, tun kafin gari ya waye kuma ya sake fita ɗauko kayan lambu. Ta manta rabon da ta gan shi kwance a kan katifa. A zaune yake gyangyaɗi, takalmi a ƙafa.

Jan kwalin ba baƙo ba ne a wurinta. Ta taɓa tsintar sa a aljihun rigarsa suna wanki, Matar Yaya ta karɓe ta ce maganin ciwon baya ne. Ta yarda. Ko da ta fara ganin irinsa duk Litinin a jikin bango, ta kan ce wa kanta kwalaye suna kama da juna.

Wata Litinin, bayan an watse, tana naɗe waya, sai Monita ta tsaya a bakin teburinta. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, mai kaifin baki, ita ke rubuta sunan masu surutu.

"Malama, na gani, na zo in faɗa."

"Me kika gani?"

"Kawu Direba yana shan irin na cikin talabijin. Jan kwalin. A ƙarƙashin kujerarsa yake ajiyewa, yana sha da ruwan gora kafin ya ɗauki 'yan layinmu."

Malama ta kau da kai. Ta ci gaba da naɗe wayar da ta riga ta naɗu.

"Kin tabbata? Ƙarya ba kyau, kin sani."

"Wallahi, Malama. Ba sau ɗaya ba." Ta ƙara matsowa. "Na san yayanki ne. Shi ya sa ma na ce ke zai fi jin maganarki. Kuma Mai Tabarau ya ce kin san abin yi."

"To. Na ji. Kada ki faɗa wa kowa."

"Za ki kai inda ya dace?"

"Je ki aji, an kaɗa ƙararrawa."

Da la'asar ta sami Yaya a bayan makaranta yana wanke motar, wando a naɗe, yana 'yar waƙarsa. Ta tsaya ta riƙe masa bokiti kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Sai da ya kusa gamawa ta iya buɗe baki.

"Yaya, wannan maganin bayan naka."

"Me ya same shi?"

"Yara sun gani."

Ya matse tsumman ya yarfe shi. Ya yi dariya, amma bai kalle ta ba.

"Autar Inna, yanzu ɗan fim ne zai koya miki waye yayanki? Shi wannan mai baƙin gilashin, da ƙafa yake yawo? Ki tambaye shi direbansa barcin nawa yake samu."

"Ni ba wannan nake cewa ba."

"To me kike cewa? Tun da nake ɗaukar yaran nan, na taɓa goge ko bangon wani? Faɗa mini."

"Ba ka taɓa ba."

"Ki saurare ni da kyau." Ya rage murya. "Abin nan shi ke buɗe mini ido. Ranar da na hau motar nan ban sha ba, ranar za ki ji mummunan labari. In kuma kasuwar kike so in bari, je ki faɗa wa matata da bakinki, ki ce daga yau a rage tukunya."

Ya karɓi bokitin a hannunta ya watsa sauran ruwan a taya.

Daga washegari ta daina tafiya makaranta a ƙasa. Ta ce ƙafarta ke ciwo, ta riƙa bin motar, tana zama a kujerar da ke bayansa. Ta cikin madubi take kallon sa. Ta ga yadda muƙamuƙinsa ke motsi ba abin da yake taunawa, ta ga gumi na bin wuyansa da sanyin safiya. Wani lokaci ya yi ta zuba surutu ba numfashi, wani lokaci ya yi tsit, idonsa a kafe, har sai ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Yaya, ga kwana." Ita da ba ta iya tuƙi ba, ƙafarta ta dama ta koyi taka birkin da babu shi.

Wata safiya a mahaɗar titi ya shiga gaban tirela. Ƙarar hon ta cika motar, iskar tirelar ta girgiza tagogi, suka wuce da kyar. Yaran baya suka ɗauki tafi suna cewa, "Kawu Direba! Kawu Direba!" Shi ma ya ɗaga musu hannu. Da ta waiga, Monita kaɗai ce ba ta tafawa. Ita take kallo.

A ranar ta shiga ofishin Hedimasta. Dattijo ne mai son a zauna lafiya, fanka na kaɗa takardun teburinsa yana danne su da kofin shayi.

"Yallaɓai, da a ce wani yaro zai kawo wa malami magana a kan wani ma'aikaci..."

"Zauna, Malama. Kin zo a daidai." Ya turo mata wata takarda mai hoton Mai Tabarau. Ƙungiyar ta zaɓi makarantarsu cikin waɗanda za su je babban ɗakin taro a can ƙetaren gada ranar Asabar ta sama. Mawaƙin da kansa zai zo, zai gaisa da yara, zai ba kowace makaranta allon da za a kafe a ƙofa, mai cewa nan ba a shaye-shaye.

"Yallaɓai, maganar da na zo da ita ta shafi motar."

Ya ɗaga hannu. Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo.

"'Yata, abin da ba a faɗa mini ba, ban san shi ba. In kika faɗa, dole in rubuta. In na rubuta, ke kin fi ni sanin gidan da abin zai faɗa wa. Kuma a ina zan samo direba kafin Asabar? Ki bari mu wuce wannan taron, sai mu zauna. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji. Ta fito ta tsaya a baranda, yara na wasa a fili suna kwaikwayon cire tabarau.

Ranar Juma'a Yaya bai kwana a gida ba. An samu lodi zuwa wani gari, ya ce ba zai bari ya wuce shi ba, zai dawo kan lokaci. Ya kuwa dawo. Ta same shi a makaranta da sassafen Asabar, rigar jiya a jikinsa, yana ɗumama motar. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, yana ta dariya da ƙarfi a kan abin da bai kai a yi dariya ba. Da ya miƙa hannu zai gyara madubi, ta ga yatsunsa na rawa.

Iyaye sun kawo yara tun da wuri, kayan makaranta a goge, wasu sun yanko tabarau na kwali sun shafa masa baƙin tawada. Sun fi kujerun motar yawa, aka ce a zauna uku-uku, ƙanana a kan cinyar manya. Monita ce za ta yi jawabin godiya, tana ta maimaita shi a bakin ƙofa, idonta a rufe. Hanyar kuwa babban titi ce, inda tireloli ke gudu, sannan gada.

Yaya ya kashe motar ya sauko, ya ce bari ya wanke fuska. Yana da wata ɗabi'a tun zamanin da yake bin manyan motoci: ba ya shiga makewayi da makulli a aljihu, a kan tayar gaba yake ɗora shi, can ciki inda ido ba ya kaiwa. A duk makarantar ita kaɗai ta san haka.

Ba ta tsaya shawara da zuciyarta ba. Ta zagaya ta gefen direba kamar mai duba yara ta taga, ta sunkuya, ta zura hannu. Ƙarfen da ɗuminsa. Ta cire takalminta ta jefa makullin ciki ta mayar da ƙafa. Haƙoransa suka nutse mata a tafin ƙafa, ta taka a haka ta koma inda malamai suke.

Ya dawo yana goge fuska da hularsa. Ya sunkuya ya shafa tayar. Ya sake shafawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya zazzage aljihunsa, ya zagaya ɗaya tayar. Cikin mota yara na rera waƙar Mai Tabarau iya ƙarfinsu.

"Direba, mu tafi mana!" in ji Hedimasta, yana duba agogo.

"Yallaɓai, makulli nake nema."

Aka shiga nema. Maigadi ya kawo tsintsiya yana share ƙasa, malamai suka bi hanyar makewayi suna sunkuye. Ita ma ta sunkuya tana dubawa tare da su. Makulli na biyu kuwa ya ɓata tun zamanin tsohon direba. Aka kira bakanike, ya ce yana wani aiki, yana zuwa. Rana ta ɗaga, motar ta ɗauki zafi, waƙar ta fara raguwa, wani ƙaramin yaro ya fashe da kuka.

Sai Yaya ya miƙe daga durƙuson ya daina nema. Ya juyo ya kalle ta. Bai daɗe yana kallon ba, amma ta ji kamar an tuɓe mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Hedimasta ya bi idonsa.

"Malama, ko kin gan shi?"

Ta buɗe baki. Har yau ba ta san abin da ke shirin fitowa ba.

"Yallaɓai, bar ta," Yaya ya riga ta. "Na tuna. A aljihuna yake da na shiga makewayi. Na ji wani abu ya faɗa ramin, ban kawo shi ba ne."

"Innalillahi! Yau ɗin? Yau ka ga damar yi mini haka?" Hedimasta ya dafe kai. "To haɗa waya mana! Ku direbobi ba kuna tayar da mota ba makulli ba?"

Ta sha ganin sa yana yi. Wayoyi biyu ne a ƙarƙashin sitiyari, ko minti ɗaya ba ya ɗaukar sa.

Yaya ya dubi motar, ya dubi fuskokin da ke manne da gilashi, tabarau na kwali sun jiƙe da gumi. Ya dubi hannuwansa.

"Ban iya ba, Yallaɓai," ya ce. "Wannan aikin bakanike ne."

Sai bayan azahar bakaniken ya iso, lokacin an gama taro. Aka sauko da yara, wasu na kuka, wasu sun yi barci. Monita ta fi kowa kuka, ta zauna a ƙasa da kayanta masu guga ta ƙi tashi. Kafin yamma hotunan yaran wasu makarantu sun cika wayoyin iyaye, ga su suna musabaha da Mai Tabarau, ya cire gilashi yana dariya. Iyaye suka yi ca a kan Hedimasta. Ranar Litinin aka sallami Yaya, aka ce sakaci. Yaran da ke tafa masa suka koma ce masa Kawu Makewayi.

Maganar ƙwaya ba ta taso ba, Hedimasta bai kira ta zaman da ya ce za su yi ba. Aka yanko sabon makulli, aka ɗauki wani saurayi mai tuƙi a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. Bayan 'yan kwanaki Monita ta kawo mata alli, ta tsaya.

"Malama, kin ga ba sai kin kai ko'ina ba ma. Allah ya raba mu da shi."

"Ajiye allin ki tafi."

A gida kuwa tukunya ta ragu da gaske. Matar Yaya ba ta san komai ba, kullum sai ta tare ta a tsakar gida. "Ke da kike ciki, ki roƙa masa Hedimasta mana. Makulli fa, makulli kawai! Mutum ba ya kuskure?" Ita kuma ta ce to, za ta gwada. Yaya ya koma akori-kura gaba ɗaya, yana tafiye-tafiyen nesa, ya kwana biyu bai dawo ba. In ya dawo yana amsa gaisuwarta, yana cin abincin da ta miƙo masa, amma ya daina ce mata Autar Inna. Makullin na ƙasan akwatinta cikin wata tsohuwar safa. Ta kasa mayarwa, ta kasa yarwa.

Wata safiya ta fito za ta tafi aiki ta same shi a zaure yana ɗaura takalmi. Jan kwalin na gefensa a kan tabarma, a fili, bai ko yi yunƙurin rufe shi ba. Daga bakin titi aka ji hon ɗin motar makaranta.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya." Ya ja igiyar takalmin ya ƙulle. "Abin nan da ke wurinki, ki riƙe ko ki jefa rijiya, ba ruwana. Amma kada matata ta gani."

"Yaya, ni..."

"Ban tambaye ki ba." Ya ɓare kwalin, ya haɗiya ba ruwa, ya miƙe yana dafa bango. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Sabon yaron nan. Akwai wata 'yar aji biyu mai ɗingishi, gidansu na bayan gidan mai. Ba ta iya tsallaka titi. Ki ce masa ya riƙa zagayawa ya tsaya mata a ƙofa."

"Zan faɗa masa."

Ya fita. Ta ji akori-kurar ta tashi da kyar, ta ji ta hau kwalta ta nufi babban titi. Motar makaranta ta sake yin hon, ta gyara mayafinta ta fita ita ma.